FILIN SANIN AMFANI: Dalar Kaka Da Masu Yawon Sayen Tsoffin Kaya

Kowace shekara, da zarar ruwa ya sauka anka yi shuka, hatsi kuma ya yi ƙasa cikin rumbu, sai masu sayen tsoffin kaya su yawaita cikin ƙauyukan Arewa. Bisa babur suke zuwa, da ƴar jaka a rataye. Daga Lugu zuwa Bagaji, daga Matankari har Tibiri da Kore Mai Ruwa, tambayarsu guda ce: akwai tsohon kuɗi? Akwai munduwa ko zobe na tsofaffi? Akwai takobi ko likkafa da ba a aiki da su? Ba banza sunka zaɓi wannan lokaci ba. Sun san mai gida na neman abin sayen tiya biyu ta hatsi, uwar gida na neman kuɗin maganin yaro, kuma wanda yunwa ke gabansa ba ya dogon ciniki.

Sayar da kayan gado ranar matsi ba abin kunya ba ne. Don irin wannan rana ce ma kakanni sunka tara azurfa, sunka sa ta a wuya da hannu. Abin takaici shi ne a ba da kayan jaka ashirin a kan jaka biyu, don kawai mai kaya bai san abin da ke hannunsa ba. Saboda haka filin na wannan wata zai duba tsoffin kuɗin da ake samu cikin ɗakunan tsofaffi, da yadda za a gane na gaske, da yadda za a yi lissafin kuɗinsu kafin a ce "na sallama".

LIYARI MAI HOTON MACE

Kafin zuwan Nasara, wuri ne kuɗin kasuwa. Kalmar "kuɗi" kanta daga wuri ta fito, jam'insa ce. Amma babban ciniki, kamar na doki ko raƙumi, ba ya yiwuwa da ƙirgar wuri kaɗai, sai da azurfa. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan liyari guda.

Shi liyari faffaɗan kuɗi ne na ƙasar Ostiriya. Gefe guda akwai hoton mace mai jiki, da mayafi a kai, ita ce sarauniya Mariya Tereza. A ƙarƙashin hoton akwai ƙananan haruffa biyu, S.F. Ɗaya gefen kuma tsuntsu ne mai kai biyu. Bakinsa ba sumul yake ba, akwai rubutu da ado kewaye da shi, an yi haka ne don kada wani ya kankare bakin ya saci azurfa ba a gane ba. Nauyinsa giram 28, faɗinsa kusan santimita 4. Cikin kashi 1,000 na jikinsa, 833 azurfa ce, saura jan ƙarfe. Ke nan azurfa tsantsa da ke cikin liyari guda ta kai giram 23 da ɗan kai.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Kusan duk liyarin da za a gani, shekarar 1780 ce rubuce a jikinsa. Sai mai shi ya ce ai kuɗinsa ya yi shekara ɗari biyu da arba'in da wani abu, ba ya sayarwa sai da miliyan. Ba haka zancen yake ba. A 1780 matar ta rasu, amma da yake fataken Larabawa da na Habasha da na ƙasashen Sudan ba su yarda da wani kuɗi kamarsa ba, sai anka ci gaba da buga shi ba tare da sake shekarar ba. An buga shi a Ostiriya, kuma daga 1935 zuwa bayan yaƙin duniya na biyu an buga shi a Roma da Landan da Paris da Bombai da wasu birane. Abin da anka buga ya haura miliyan 300. Don haka liyarin da ke cikin tukunyar kaka yana iya zama sa'an kakar ne, ko ma ƙanenta. Darajarsa tana ga azurfarsa, ba ga shekarar da ke jikinsa ba. Amma fa azurfar ba ƙarama ba ce, kamar yadda lissafi zai nuna.

DALA TA ASALI

Yara da yawa ba su san dalilin da ya sa ake ce wa tamma biyar dala ba. Dala ta asali babban kuɗin azurfa ne na Faransa, mai rubutun 5 FRANCS, wanda ya bazu a ƙasar nan zamanin mulkin mallaka, aka riƙa biyan haraji da shi. Wata tana da kan sarki Luwi Filif, wata kan Napoliyon na uku, wata kuma mutum uku a tsaye, ƙato a tsakiya da mata biyu a gefensa. Nauyinta giram 25 cif, kashi 900 cikin 1,000 azurfa, wato giram 22 da rabi. Faransa ta daina buga ta don kashewa a 1878, amma ta daɗe tana yawo bayan haka. Maƙeran fari sun narke da yawa sun yi mundaye da awarwaro, wasu kuma an huda su an rataya, ko an liƙa su bisa zobe.

To, ga aikin lissafi, irin wanda ake yi a cibiyar yaƙi da jahilci. A watan Oktoba na 2025 kuɗin azurfa a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 50 a kan oza guda, wato giram 31. In an juya shi zuwa sefa na lokacin, giram guda ya kama wajen tamma 900, dala 180 ke nan. A ninka 900 sau 22 da rabi, za a samu 20,250, jaka ashirin da dala hamsin. Dala guda ta kaka ta zama dala dubu huɗu da hamsin ta jikoki. Liyari kuwa ya ɗara haka kaɗan, wajen jaka ashirin da ɗaya. Kuɗin azurfa yana hawa yana sauka, don haka wannan ba farashin yau ba ne, sai an tambaya ranar ciniki. Kuma babu maƙerin da zai biya cikakken kuɗin kasuwar duniya, shi ma yana da wuta da gawayi da riba da zai fitar. Amma wanda ya san lissafin ya san inda tayi ya zama cuta. In an taya dala irin wannan jaka biyu, ba ciniki ake yi ba, ƙwace ne da sallama.

Ƙananan kuɗin Faransa masu hoton mace tana shuka, su ma azurfa ne in shekararsu ba ta wuce 1920 ba: tamma guda giram 5, tamma biyu giram 10, kashi 835 cikin 1,000. Akwai kuma wata ƙaramar dala mai wannan hoto da tsoffin sojoji da ɗalibai sunka riƙa kawowa daga Faransa. Ta 1960 zuwa 1969 azurfa ce, giram 12. Daga 1970 hoton bai sake ba, amma babu azurfa ko kaɗan. A nan shekara ce ake dubawa a raba su, wanda bai iya karanta lamba ba kuwa sai abin da anka faɗa masa.

Kuɗin Ingila ma ba baƙo ba ne a Arewa. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta zana iyaka mil 100 kewaye da Sakkwato, Dogon Dutsi na ciki, sai gyaran 1904 da na 1906 sunka sa shi hannun Faransa. Bayan haka ma fatauci zuwa Argungu da Birnin Kabi da Kamba bai tsaya ba. Sule mai hoton itacen kwakwa, in fari ne kuma shekararsa tsakanin 1913 da 1919 ce, azurfa ce mai kyau, giram biyar da rabi da ɗan kai. Wanda ya biyo baya, mai launin ɗorawa, tagulla ce. Kwabo da anini masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida ba su da azurfa, kuma an buga su da yawan gaske. Har masu sunan sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarauta a 1936 bai cika shekara ba, ba su da tsada a wajen masu tara tsoffin kuɗi. Haka fararen kuɗin sefa na kashewa, na da da na yanzu, hasken ido ne kawai.

YADDA AKE GWAJI

Gwaji na farko ido ne. Azurfa in ta daɗe a ajiye baƙi take yi, tagulla da jan ƙarfe kuwa kore suke yi. A duba inda hannu ya fi taɓawa, kamar bakin munduwa ko cikin zobe. In fari ya goge ja ko ɗorawa ta leƙo, to wanka anka yi wa ƙarfen.

Na biyu kunne. A ɗora kuɗin bisa kan yatsa a buga shi a hankali da wani. Azurfa tana ba da ƙara siririya mai daɗewa, darma kuwa "taf" take yi ta mutu. Tsofaffin ƴan kasuwa da wannan sunka dogara, kuma yana da amfani, sai dai yana son kunnen da ya saba.

Mayen ƙarfe, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar rediyo, shi ma yana taimako, amma rabin magana yake faɗa. In ya kama abu, to ba azurfa ba ce, ba kuma zinariya ba. In bai kama ba, bai shaidi komai ba, don ba ya kama tagulla, ba ya kama darma, ba ya kama sanholo. Masu cuta sun san haka sarai, shi ya sa suke saurin cewa "kawo mayen ƙarfe a gwada".

Gwajin da ya fi su duka shi ne ma'auni, ƙaramin nan mai batir da ke nuna giram, wanda ake samu wajen maƙeran fari da masu sayar da zinariya a Dogon Dutsi da Doso. Kuɗin jabu da wuya ya cika nauyi da faɗi da kauri gaba ɗaya. Dala ta tsaya kusa da 25, liyari kusa da 28. In ta sha hannu ko an huda ta, tana iya rasa rabin giram ko giram guda. In ta rasa uku ko huɗu, akwai magana.

Munduwa da awarwaro ba su da nauyin da anka sani, don haka sai a yi masu gwajin ruwa. A auna abin a rubuta. Sannan a ɗora kofin ruwa bisa ma'aunin, a mayar da shi sifiri. A ɗaura abin da zare, a nutsa shi cikin ruwan yana reto, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa, a rubuta lambar da ta fito. Sai a raba lamba ta farko da ta biyu. In amsar ta faɗa wajen 10 zuwa 10 da rabi, azurfa ce. In 8 da rabi ce zuwa 9, tagulla ce ko jan ƙarfe. Sanholo bai kai 3 ba. Zinariya mai kyau tana kamawa daga 15 zuwa 19. Misali, munduwa mai giram 82 da ta nuna 8 cikin ruwa, amsarta 10 da kwata, mai ita ta riƙe ta da kyau. Wannan gwaji ba ya aiki ga abin da ke da rami a ciki ko mai dutse a jiki. Kyawunsa shi ne ba ya ɓata kaya, ba kamar zarto da ruwan asid ba, waɗanda bai kamata a bar baƙo ya sa wa kayan mutum ba tun ba a shirya ciniki ba.

Ita zinariya sau da yawa tana ɗauke da shaidarta, ƴar lamba ƙarama a maƙullin sarƙa ko cikin zobe. 750 na nufin karat 18, wato kashi uku cikin huɗu zinariya ce. 875 karat 21 ne, irin wadda alhazai sunka fi kawowa daga Makka. 585 karat 14. A kan azurfa ana ganin 925 ko 800. Kayan Faransa na zinariya suna da tambarin kan gaggafa. Amma lamba ma ana buga ta a kan tagulla, saboda haka ba ta hana awo. Aikin maƙeran gida kuwa yawanci ba shi da lamba ko ɗaya, kuma wannan bai rage shi da komai ba.

KUƊIN ƘARFE DA KUƊIN TARIHI

Tsohon abu yana da farashi biyu. Na farko nauyin ƙarfensa, shi ne wanda anka yi bayaninsa. Na biyu abin da masu tara kayan da za su biya saboda ƙarancinsa da kyan aikinsa da sanin inda ya fito. Tsufa kaɗai ba ya kawo na biyu. Kuma abu uku ke kashe shi: huji, liƙi, da gogewa. Mata sukan sa toka da lemun tsami da rairayi su goge tsohon kuɗi har ya yi ƙyalli, suna ganin gyara sunka yi, alhali sun share zanen da mai saye ke nema. Haka takobi, kada a kankare shi ko a sake masa kube don ya yi kyan gani. A bar shi yadda yake, a kiyaye shi daga laima.

Akwai kuma jita-jita da ya kamata a yi wa kunnen uwar shegu. Ana cewa wai tsohon keken ɗinki, ko dutsen guga mai zakara a kai, ko kwabo mai huji, suna ɗauke da "jar zaiba" da Turawa ke saye da miliyoyi. Babu wani abu mai wannan suna da ke da wannan daraja. A 2009 wannan labari ya tashi a Saudiyya, mutane sunka zuba dukiya wajen sayen tsoffin kekunan Singer, sunka tashi a tutar babu. Yadda tarkon yake shi ne: wani ya zo ya taya kayan da tsada ya tafi "ɗauko kuɗi", wani ya biyo ya ce sai an biya kuɗin gwaji ko na mota. Daga nan ba a sake ganin ko ɗaya.

ABIN DA BA NA SAYARWA BA

Ga mutanen Lugu da kewaye akwai ƙarin magana. Sunan garin ya yi nisa. A watan Afirilu na 1899 ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a nan, anka ƙone garin. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin Wagadugu na 1987. A 2006 kuma Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta lasafta su cikin gadon duniya. Wannan suna yana jawo masu ziyara na kirki, yana kuma jawo dillalai. Wasu na neman kibiya ko mashi ko laya ko tsohuwar tukunya su kai birni su ce "na zamanin Sarauniya ne". Wasu ma ba sa wahalar zuwa, sabon ƙarfe suke binnewa ya yi tsatsa su laƙa masa sunan Lugu.

Kayan da sunka shafi gidan Sarauniya, ko dutsen Tunguma, ko gidan Baura na Bagaji, ko kayan sarautar Matankari, ba na mutum guda ba ne balle ya sa masu kuɗi. Ko wanda ba ya bin al'adar ya san amana ce ta gari. Abin da ya faru a Bura, cikin ƙasar Tera, ya isa ishara. An gano wurin a 1975, malam Boubé Gado na cibiyar bincike ta jami'ar Yamai ya yi tono na ilimi a 1983, anka samu tukwane da gumakan yumɓu na mutanen da. Da labarinsu ya kai Turai, sai dillalai sunka sa talakawa tonon dare a kan ƴan kuɗi kaɗan. An farfasa kaburbura masu yawa, kayan sun watse a duniya, har a shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen kayan tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ake gargaɗi a kan sayensu. Masu tonon ba su yi arziki ba, abin da ƙasar za ta faɗa game da kakanninsu kuma ya tafi.

Doka ma ta yi magana. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta hana tonon wuraren tarihi da fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izinin hukuma ba. Manomin da garmarsa ta tono tukunya da kuɗi ko duwatsun wuya a ciki, ya bar ta yadda take, kada ya rarraba abin da ke ciki, ya sanar da maigari, shi kuma ya kai magana gidan magajin gari. Gidan kayan tarihi na ƙasa, mai sunan Boubou Hama, yana Yamai tun 1959 don irin wannan aiki.

Kayan ɗaki na gado kuwa, dala da liyari da mundaye, na mai su ne, in ya ga dama ya sayar. Sai dai ya tabbata nasa ne shi kaɗai, don in ba a raba gado ba ƴan uwa na da haƙƙi, munduwar uwa kuma takan raba zumunci fiye da gona. Kada a yi ciniki a zaure da baƙo ranar da ya zo. A kai kayan wajen maƙeri biyu ko uku, kowane ya auna a gaban mai kaya, a tafi da wanda ya iya karanta lamba, a rubuta nauyin a takarda. A tambayi kuɗin giram tukuna, kafin a nuna kayan. In buƙatar jaka goma ce, a fitar da abu guda, sauran su koma cikin tukunya. Wanda zai ajiye nasa kuma, ya sa ɗalibin cibiya ya rubuta masa sunan mai abin na farko, da garinsu, da yadda ya zo gidan, tun tsofaffin da sunka sani suna raye, a naɗe takardar tare da kayan.

A fitowa ta gaba filin zai duba tsakiya da murjani, da yadda ake raba su da na roba da na kwalba.